Haruffa masu kauri da sili: amsoshin tambayoyin masu shago da masu zane a Maraɗi

Irin rubutun nan na kwalayen turaren Faransa da bangon mujallun ado ya shigo gari sosai. Masu humra da turaren wuta suna sonsa a jikin kwalba, teloli suna sonsa a allon shago, iyayen amarya suna sonsa a katin gayyata. Sai dai abin da ya yi kyau a gilashin waya ba kullum shi ke fitowa daga inji ba, daga nan sai jayayya ta tashi tsakanin mai aiki da mai zane da mai buga takarda. Ga tambayoyin da suka fi dawowa kan teburin aiki.

Wane irin rubutu ne ma ake magana a kai?

Ɗauki babban harafin H. A wannan zubi, wato salon zanen haruffa da ake kira font, sandunansa biyu na tsaye masu kauri ne ƙwarai, layin da ya haɗa su a tsakiya kuwa sili ne, da ƙyar ido ke kama shi. Ƙafafun da ke sama da ƙasan kowace sanda ƴan layuka ne a kwance, a miƙe, sun haɗu da sandar kai tsaye ba wata lanƙwasa. Harafin O kaurinsa na hagu da na dama daidai wa daida, ba ya kishingiɗa. A bakin a, c, f, r da y akwai ɗigo kewayayye mai cika ido. Times New Roman da kowa ya sani a Word shi ma yana da ƙafafu, amma tazarar kaurinsa da sirinsa ba ta kai haka ba, kuma ƙafafunsa a lanƙwashe suke shiga sanda. Shahararrun wannan dangi su ne Didot da Bodoni da Walbaum. In kana nema a intanet, rubuta Didone, sunan da Maximilien Vox ya ba rukunin a rabe-raben haruffan da ya yi a 1954.

Su wa suka ƙirƙiro shi?

Mutum biyu ne suka kai abin maƙura a ƙarshen ƙarni na 18, kowa na leƙen aikin ɗan'uwansa. Na farko Firmin Didot (1764–1836), ɗan gidan masu ɗab'i na Paris. Shi ke sassaƙa haruffa a ƙarfe, wansa Pierre ke buga littattafai da su, kuma manyan littattafan da suka fitar daga maɗaba'arsu da ke fadar Louvre tsakanin 1798 da 1801 har yau ana kafa misali da su. Mahaifinsu François-Ambroise shi ne mai ma'aunin girman harafi da Turai ta daɗe tana aiki da shi, wanda poyin ɗaya ke kusan milimita 0.376.

Na biyu Giambattista Bodoni (1740–1813). Ya koyi aiki a Roma, a maɗaba'ar da ke buga littattafai cikin harsunan gabas, daga 1768 kuma ya riƙe maɗaba'ar sarkin Parma a Italiya har rasuwarsa. Matarsa Margherita ce ta kammala babban kundin samfurorinsa, Manuale Tipografico, ta fitar da shi juzu'i biyu a 1818. Cikinsa akwai zubin haruffan boko 142, ga na Girkanci, ga na Rashanci, ga na Larabci.

Amma kafin su akwai John Baskerville na Birmingham a Ingila, kuma abin da ya yi shi ya fi shafarmu. Bai tsaya a harafi ba. Ya gyara tawada ta ƙara baƙi, ya yi aiki da takarda mai sumul tun littafinsa na farko a 1757, yana kuma danne takardun da ya buga tsakanin farantan tagulla masu zafi don su yi santsi. Sai da takarda da tawada da inji suka iya riƙe siririn layi sannan masu sassaƙa suka yi ƙarfin halin siranta shi. Wanda ya ɗauki harafin ya bar takardarsa, rabin abin ya ɗauka, kuma kusan duk matsalolin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Ai rubutun allo ma yana da kauri da siri. Ba abu ɗaya ba ne?

Akwai dangantaka, amma hanyar ta bambanta. Alƙalamin kara da almajiri ke feƙewa bakinsa mai faɗi ne. Kauri da siri suna fitowa daga inda hannu ya nufa: ka ja ta nan layi ya yi faɗi, ka ja ta can ya sirance, ba tare da ka danna ba. Tsoffin haruffan boko irin su Garamond wannan hanya suka bi, shi ya sa kaurin O ɗinsu ya ɗan karkata, yadda hannun dama ke riƙe alƙalami.

Didot da Bodoni kuwa daga alƙalami mai tsini suka samo hali, wanda bakinsa ke buɗewa in an danna. Ana danna shi in ana saukowa, a sassauta in ana tafiya a kwance ko ana hawa. Saboda haka duk kauri ya koma tsaye, duk siri ya koma kwance. Masu zane a farantin tagulla, waɗanda ke iya jan layi mafi siri fiye da kowane alƙalami, su ma sun saba wa idon mutanen zamanin da irin wannan tsafta.

Me ya sa da an gan shi sai a ce kayan masu kuɗi ne?

Sabo ne, kuma sabon bai daɗe ba. A ƙarni na 19 wannan zubi shi ne rubutun yau da kullum a Faransa: jarida, littafin makaranta, takardar gwamnati. A Landan ma Robert Thorne da ire-irensa sun kumbura sandunansa suka mai da shi harafin tallan bango tun farkon ƙarnin. Ba wanda ke ganinsa ya tuna da turare.

Mujallun ado na Amurka ne suka sauya masa matsayi. Alexey Brodovitch, wanda ya riƙe tsarin shafukan Harper's Bazaar daga 1934 zuwa 1958, yakan ajiye harafi babba ɗaya kusa da hoto ya bar sauran shafin fari fat. Vogue ta tsayar da sunanta a wannan zubi tun 1955. A 1991 Harper's Bazaar ta sa Jonathan Hoefler ya zana mata Didot nata na kanta. Gidajen sutura irin su Giorgio Armani suka bi, Zara ma a 2019 ta fito da tambarin da haruffansa ke hawa kan juna. Shekara da shekaru ido na ganin wannan harafi tare da kaya masu tsada, har ya haɗa su aure.

A ganina ba harafin kaɗai ke kawo kwarjinin ba, filin da aka bar masa ne da takardar da aka ɗora shi. Kamar aikin aska takwas ne a babbar riga: a kan shadda mai nauyi yake zama daram, in aka yi shi a yadi maras jiki sai rigar ta tattare. Katin auren da aka cusa wa sunayen dangin ango da na amarya da abokai da ƙawaye, ga furanni a kowace kusurwa, ga zobba biyu, ga tattabaru, ko Bodoni da kansa ya dawo ba zai sa shi ya yi tsada ba. In jerin masu gayyata dole ne, kuma a Maraɗi sau da yawa dole ne, a mai da shi bayan kati, a bar fuska ga sunan ango da amarya da rana.

Na ji an ce manyan kamfanoni sun daina yayinsa.

Wasu sun bari na ɗan lokaci. Saint Laurent a 2012, Burberry da Balmain a 2018, duk sun koma haruffa marasa ƙafa masu kauri ɗaya, waɗanda ba sa wahala a ƙaramin gilashin waya. Burberry ta dawo harafi mai ƙafa a 2023. Yayi ne, yana zagayawa. Mai shago a Babbar Kasuwa ba shi da dalilin sauya allo saboda abin da aka yanke a Landan.

Na sa Bodoni a katin shagona, an buga, rabin haruffan sun ɓace. Laifin wa?

Galibi laifin girma ne, ba na inji ba. Ga lissafi. Poyin ɗaya na kwamfuta milimita 0.35 ne. A ce silin wani zubi kashi ɗaya ne cikin ɗari na girman harafin. A girma 72 silin zai kai rubu'in milimita, yana fitowa tsaf. Ka rage shi zuwa girma 10, silin ya koma milimita 0.035. Injin leza na ofis mai ɗigo 600 a inci, ɗigonsa guda milimita 0.042 ne. Wato layin da kake so bai kai ɗigo ɗaya na injin ba. Ko dai injin ya tsallake shi, ko ya fitar da shi a yayyanke. Shi ya sa e ke komawa c, H ta zama sanduna biyu a tsaye ba abin da ya haɗa su.

Masu haruffan ƙarfe ba su san wannan matsala ba, don kowane girma sassaƙarsa daban. Bodoni in zai yi ƙaramin harafi sai ya ƙara wa sili jiki, ya buɗe cikin harafin, ya ƙara tazara. Kwamfuta ce ta zo da zane ɗaya ana ja ana ragewa. Masu zanen kirki sun dawo da tsohuwar dabara. ITC Bodoni na 1994 iri uku ne: na girma 6, na 12, na 72. Didot na Hoefler iri bakwai ne: 6, 11, 16, 24, 42, 64 da 96. Bodoni Moda da ke kyauta a Google Fonts shi ma yana da ma'aunin girma, ana iya zaɓar na ƙaramin rubutu ko na babba.

Ƙa'idar da masu ɗab'i ke bi ita ce kada layin baƙi a kan fari ya gaza rubu'in poyin. Duk zubin da aka rubuta Display a sunansa, don kanun rubutu aka yi shi, kada a sauko da shi adireshi da lambar waya.

Ina son rubutun fari ko ruwan zinariya a kan baƙi. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma nan ne sili ya fi shan wahala. Farin rubutu ba a buga shi, ramin da tawada ta bari ne. Tawada kuwa tana bazuwa kaɗan, musamman a takarda maras santsi, sai ta cinye ramin daga gefe biyu. In baƙin na launi huɗu ne, wato an haɗa shuɗi da ja da rawaya da baƙi don ya yi duhu sosai, to faranti huɗu ne za su sauka wuri ɗaya. Ɗaya ya goce da ƙanƙanin abu, silin ya rufe ko ya fito da inuwar ja a gefe. Don haka ana ninka ƙa'idar: rabin poyin ne mafi ƙaranci.

Zinariya iri biyu ce, kuma nan ake yawan samun saɓani. Wadda ke walƙiya a waya launi ne da aka haɗa da inuwa. In inji ya buga ta da tawada, ruwan ƙasa-ƙasa ce mai rawaya, ba ta ƙyalli, kuma da ƴan ɗige-ɗige ake haɗa ta, abin da ke farfasa sili. Ta gaske ledar zinariya ce da ake mannawa da zafi. Ita tana ƙyalli, amma tana son layi mai ɗan jiki kafin ta kama. Hajiya, kafin ki biya kuɗin kwali dubu, ki tambaya wacce daga ciki za a yi miki, ki kuma nemi a nuna miki wani aikin da aka taɓa yi da ita.

Me ya sa ɗ da ƙ da ɓ da ƴ suke fitowa daban da sauran haruffa, ko su zama akwati?

Domin wanda ya zana zubin bai zana su ba. Tsoffin fayiloli irin Bodoni MT da ke zuwa tare da Office don harsunan yammacin Turai aka yi su. Za ka samu é da è da ç na Faransanci, ba za ka samu masu ƙugiya ba. Word in ya nemi harafi ya rasa, sai ya aro daga wani zubi ba tare da ya faɗa maka ba. Sai ka ga sunan garinmu da kansa, Maraɗi, haruffa biyar suna da kauri da sili, ɗ ɗin kuwa baƙo ne daga wani gida. Wasu manhajojin zane ko aron ba sa yi, akwati kawai suke ajiyewa.

Mu a Nijar nauyinmu ya fi na maƙwabta da harafi ɗaya. Ƙa'idar rubutun Hausa da gwamnati ta tabbatar a 1999 tana rubuta ƴ da ƙugiya, a Najeriya kuwa 'y ake yi da waƙafi a sama. Akwai zubin da ke da ɓ, ɗ, ƙ amma babu ƴ. Saboda haka kafin ka ƙaunaci kowane zubi, liƙa masa wannan a wurin gwaji: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, ka ƙara da é è ê ç œ tunda yawancin aikinmu harshe biyu ne. Ka gwada a tsaye, ka gwada a karkace, ka gwada mai kauri, don wani lokaci ɗaya na da su ɗaya babu.

Samuwarsu ma ba ta isa ba, sai ka dubi yadda aka zana su. Ƙugiyar kirki tana tsirowa daga sanda kamar kan f, ta ƙare da ɗigo irin na f ɗin. Wasu masu zanen, da ba su taɓa karanta Hausa ba, sukan maƙala ɗan sili kawai a sama. Da an buga, silin ya tafi, ƙ ta koma k. Cikin na kyauta masu kauri da sili, Noto Serif Display yana da haruffanmu duka, kuma shi nake fara miƙa wa mai son kanun Hausa.

In zubin da nake so ba shi da su, sai in haƙura?

In rubutu mai yawa ne, haƙura ka sauya. In kuwa sunan shago ne na kalma ɗaya ko biyu, ana iya ƙerawa. Mai da haruffan zane a CorelDRAW ko Illustrator, yanko kan f na wannan zubin, ka ɗora a sandar b ko d ko k, ka haɗe su, ka share ƙafar da ke saman. A ƙananan ɓ, ɗ, ƙ ƙugiya dama take kallo. A manyan Ɓ da Ɗ hagu take fita daga sama. A babban Ƙ kuwa hannun dama na sama ne ke lanƙwashewa, haka ƴ. Aiki ne na haƙuri, amma ya fi a rubuta k a sa mata waƙafi a gefe, abin da ke ɓata tazara ya kuma sa suna ya yi kama da saƙon waya.

Wanne zan sauke, kuma sai na biya?

Akwai na kyauta masu kyau. Playfair Display na Claus Eggers Sørensen, wanda ya fito a 2011, shi ne wanda kuka fi gani a Canva, har ya kusa gundurar ido. Bodoni Moda na Owen Earl, Libre Bodoni, Prata, da Abril Fatface mai ƙiba don manyan kanu, duk suna Google Fonts a ƙarƙashin lasisin OFL. Wannan lasisi ya yarda ka yi kasuwanci da su, ka buga, ka sa a tambari, har ka gyara fayil ɗin ka ƙara masa haruffa masu ƙugiya. Abin da ya hana shi ne sayar da fayil ɗin shi kaɗai, kuma in mai shi ya keɓe sunan, wanda ka gyara sai ka sa masa wani suna. Masu Mac suna da Didot da Bodoni 72 tun daga kamfani.

Na kuɗi irin su Bauer Bodoni, wanda asalinsa na 1926 ne, da Linotype Didot na Adrian Frutiger na 1991, sun fi gogewa a tazara. Waɗanda ake turawa a rukunin WhatsApp cikin jaka ɗaya mai ɗaruruwan zubi, yawancinsu kwafe ne ba izini, wasu an rubuta don amfanin kai kaɗai, wasu kuma a gurgunce suke, babu wasulan Faransanci. Wanda kayansa za su tsallaka iyaka ta Dan Isa su shiga Katsina da Kano, ko su hau intanet, gara ya tsaya a mai lasisi.

Zai yi a allon shago?

Da sharaɗi. Mai karanta allo yana kan kabu-kabu ne, rana na dukan idonsa, ƙurar hunturu ta kwanta a kan allon. Daga nesa sili ne ke fara ɓacewa, a bar shi da sanduna. Ga dabarar da ba kowa ya sani ba: ɗauki zubin da aka yi don ƙaramin rubutu, na girma 6 ko 11, ka buɗa shi babba. Silinsa mai jiki ne, kuma harafi daga nesa ai ƙarami ne a ido. In sitika za a yanka, siririn yanki shi ke fara ɓamɓarewa da zafi ya taɓa gam. Masu rubuta allo da buroshi sun daɗe da gane haka, hannunsu da kansa ke ƙara wa layin kwance kauri, kuma sau da yawa allonsu ya fi na inji karantuwa daga tsallaken titi. Sunan shago kaɗai za a sa a wannan zubi. Abin da ake sayarwa da lambar waya, a ba harafi maras ƙafa.

Ina ɗinka jaka da takalmi, ina so in buga sunana a fata.

Wannan ya dace, don fatar jar akuyar Maraɗi sananniya ce a kasuwar duniya saboda laushi da ƙanƙantar idonta, kuma abin takaici ne a ce ana fita da ita a ɗinka a wata ƙasa da sunan wani. Amma hatimin ƙarfe da ake dannawa a fata ba takarda ba ne. Sili a jikin hatimi kaifi ne: a danna da ƙarfi ya yanki fata, a sassauta ya ɓace cikin idonta. A ƙara masa kauri, a buɗe tazarar haruffa, a taƙaita zuwa suna ko harafin farko kaɗai. A gwada a ragowar fata iri ɗaya da ta jakar, don wadda dukawa suka jeme a gargajiyance da wadda ta fito daga masana'anta ba sa karɓar hatimi iri ɗaya.

Ɗinkin inji a riga ko hula ya fi haka tsanani. Layin da bai kai milimita ɗaya ba ba ya cikuwa da zare, sai dai a bi shi da ɗinki guda, wanda ke nutsewa cikin yadi. Hatimin roba na rasit kuwa tawadarsa malala take yi, ƴan ƙafafun su haɗe. Nan kam a nemi wani harafi.

A waya fa? Yawancin tallana a WhatsApp nake sawa.

WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, kuma gefen siririn layi ne ke fara dagulewa, musamman ja ko ruwan zinariya a kan baƙi. Yi zanen a 1080 da 1920 in na tsaye ne, harafin ya yi girma, kalmomi kaɗan. In mutum ɗaya za ka tura wa ya duba, tura a matsayin takarda, ba hoto ba, zai isa yadda yake. Ka kuma duba shi a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi a tsakar rana, don irinta ce a hannun yawancin masu sayenka.

Muna shirya mujallar ƙungiya. Mu yi ta duka da Didot?

A'a. Shafi cike da shi yana sa ido rawa: sanduna baƙaƙe a jere, abin da ya haɗa su ba ya ganuwa, ido ya riƙa sauka ƙasa maimakon ya bi layi. Bodoni ya iya buga littafi guda da shi saboda yana ba da harafi babba, tazara mai yawa tsakanin layuka, da gefen shafi mai faɗi, ga takarda ta musamman. Ku da za ku buga a takarda mai giram 80, ku bar shi a suna da kanun labari da babban harafin buɗe rubutu. Jikin labari ku ba Charis ko Gentium na SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, waɗanda ke ɗauke da haruffan harsunan Afirka, ko Noto Serif. Layi kada ya wuce haruffa 60 zuwa 70.

In za a haɗa shi da wani, maras ƙafa mai sauƙi ya fi, irin Futura na Paul Renner na 1927 ko Noto Sans, bayan an gwada masu ƙugiya. Didot da Bodoni a shafi ɗaya ba sa zama, sun yi kama da yawa har bambancin ya zama kamar kuskure. Manyan haruffa zalla suna son a ɗan buɗe tsakaninsu, ƙanana kuwa a bar su yadda mai zane ya tsara. Kada a kama gefe a ja shi ya yi tsawo ko faɗi, kuma kada a ƙara masa kauri da layin kewaye, don wannan yana kumbura sili da sanda daidai, ya kashe tazarar da aka zo nema.

Lambobinsa suna da kyau, in sa farashi da lambar waya da su?

Lamba babba guda a bangon kalanda ko ranar ɗaurin aure, ƙwarai kuwa, 2 da 3 da 7 na wannan dangi ba su da na biyu wajen ado. Lambar waya ta Nijar kuwa lambobi takwas ne da ake so a karanta ba kuskure. In sili ya tafi, 4 ta rasa hannunta ta yi kama da 1, 3 da 8 su rikice. Playfair Display kuma lambobinsa na asali masu hawa da sauka ne, wasu na leƙowa ƙasan layi, sai an shiga saiti an zaɓi masu tsayi ɗaya.

Katinmu da Bisimilla yake farawa. Wane rubutun Larabci zai zauna da shi?

Amiri na Khaled Hosny, wanda aka gina kan haruffan maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, yana da siri da kauri da natsuwar da ke tafiya da Bodoni, kuma kyauta ne. In kuna son hannun da aka saba da shi a allo, mai ɗigon fa a ƙasa da ɗigo ɗaya a kan ƙaf, SIL ta yi Alkalami bisa rubutun Kano, da Harmattan don ajamin yammacin Afirka. Alkalami mai jiki ne sosai, don haka a ba shi layinsa shi kaɗai a sama, da fili tsakaninsa da boko. A sa malami ya duba wasula kafin a buga, domin wasu manhajojin zane suna rarraba haruffan Larabci ko su juya su.

Me zan kai wa mai buga takarda don kada a sauya mini rubutu?

PDF wanda haruffan ke ƙunshe a ciki, ko wanda aka mai da rubutun zane. In ka kai fayil ɗin Word ko CorelDRAW a buɗe, kwamfutarsa ba ta da zubinka, za ta musanya shi da wanda ta ga dama. Ka ajiye kwafi ɗaya da ba a mai da shi zane ba, don ranar da za a gyara lamba ko kwanan wata. Ƙananan rubutu baƙi su zama baƙin tawada ɗaya, ba haɗin huɗu ba. Sannan ka nemi gwaji guda a ainihin girman aikin, a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ko da za ka biya kuɗinsa daban. In za a lulluɓe katin da leda, a lulluɓe na gwajin ma. Ko aikin a nan za a buga shi ko Kano za a aika, ka sa hannu a bayan gwajin, ka riƙe ɗaya, mai inji ya riƙe ɗaya.